Karatun Fiziks Wurin Ɗiyar Fari

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024

Na sake sa sunana a jarrabawar ƙarshen shekara. Karo na uku ke nan. Fiziks kaɗai ya rage mini. In na samu kiredit a cikinsa makarantar ungozoma za ta ɗauke ni, in ban samu ba haka zan ci gaba da zama. Sauran darussan tun tuni suna hannu.

Tun da ungozomarmu ta koma Sakkwato ni ke karɓar haihuwa a ƙaramin asibitinmu na Kebbe, ba takarda, sai sabo. In haihuwa ta zo da gardama sai dai mu ɗora mace a mota zuwa Tambuwal, a kan hanyar nan da ko lafiyayye tana karya shi. Zakiyya, wadda na koya wa ɗaura wa mara lafiya ruwa da hannuna, ita ce shugabarmu yanzu. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, Allah ya sani. Amma ita ke sa hannu, ni ke wanke hannu.

Malam maigidana ya ce wannan ne na ƙarshe, kada karatu ya kwantar da ni. Na ce to.

Asabar, 10 ga Agusta

Na je Tambuwal gaida Inna, na yi mata kukan rashin mai koya mini. Malamin da nike zuwa wurinsa bara ya bar gari, kuma lesin na yamma ba ya yiwuwa gare ni, ga aiki ga nisa. Inna tana tsintar wake, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ga malama cikin gida kina yawon nema. Ɗiyarki ta, ba baƙuwa ba ta."

Ruwaida take nufi. A nan dai ina iya rubuta sunanta. Ita ce ta fari. Ina yaye ta Inna ta ɗauke ta, ni kuma na tafi makarantar kiwon lafiya, daga nan sai aiki, sai ƙannenta. A hannun Inna ta tashi, Inna take kira uwa, ni kuwa Yaya take ce mini kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ban taɓa kiran sunanta gaban mutane ba, haka munka taras ana yi. Bana ta gama sakandare, an ce ita ce ta ɗaya a kimiyya, tana jiran jami'a.

Na ce wa Inna ba ya yiwuwa. Ta ce to in zauna da jahilcina. Yarinyar tana daga ɗaki tana jinmu, na ga ƙafarta ta ƙasan labule.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun fara. A ɗakin Inna, tabarma ɗaya, ita can gefe ni can gefe. Ita tana kallon littafi, ni ina kallon bango.

Ta ɗauko gwangwanin madara ta ajiye tsakaninmu, ta tura shi da yatsa, ta jawo shi. Ta ce duk abin da anka ce ƙarfi a fiziks bai wuce wannan ba, ko turi ko ja. Shi ke tayar da abin da ke zaune, shi ke tsayar da mai tafiya, shi ke karkatar da shi. Sau biyu ina zama jarrabawar nan ba wanda ya taɓa faɗa mini haka da Hausa. Hadda kawai nike yi in je in zubar.

Muryarta irin ta Malam ce in yana bayani, a hankali, ba ta hawa. Ban taɓa lura ba.

Da munka gama ban san mi zan ce ba. Ba a yi wa ɗa godiya. Na ce, "To." Ta ce, "To, Yaya."

Litinin, 19 ga Agusta

Bayana kamar an daka. Hanya ta lalace ƙwarai, ruwan jiya ya cinye gefen kwalbati.

Lahadi, 25 ga Agusta

Jiya dokar motsi ta farko. Wai abu in yana zaune ba ya tashi sai an tashe shi, in kuma yana tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi. Na ce na farkon na yarda, na biyun ƙarya ne, don duk abin da na taɓa gani yana tafiya da kansa yake gajiya ya tsaya. Ta ce ba gajiya ba ce, gugar ƙasa ce da iska ke riƙe shi. Ban dai yarda ba.

Yau a hanyar dawowa akuya ta gitta mana bayan mun fita gari, ɗan kabu-kabu ya taka birki. Babur ya tsaya, ni ban tsaya ba, sai ji na yi goshina ya bugi bayan yaron mutane. Kunya kamar in nutse. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne ashe gaskiyar yarinyar nan ce.

Ba zan gaya mata ba.

Laraba, 28 ga Agusta

Haihuwa biyu yau, ɗaya tagwaye. Ban buɗe littafi ba. A gida ɗiyata Ummu tana zazzaɓi, ɗana Mansur ya yaga wandon makaranta tun ba a koma ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Yau raina ya ɓaci da fiziks ɗin kansa. Mun shiga babin aiki. A wurinsu ba a ce ka yi aiki sai ka sa ƙarfi kuma abin ya gusa ta wajen da ka tura shi. In ka tura bango tun safe har azahar bai motsa ba, ba ka yi komai ba. In ka ɗauki tulu a ka ka tsaya cik, ba ka yi komai ba.

Na ce to ranar Alhamis da na tsaya riƙe da ƙafar wata baiwar Allah tun hantsi har anka kira la'asar, hannuna yana rawa, mi na yi? Ta duba littafi, ta dube ni, ta ce a lissafinsu dai sifiri ne. Na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga ɗakin haihuwa ba. Inna daga tsakar gida ta ce bai kuma taɓa goyo ba.

Na ga bakin yarinyar ya motsa kamar za ta yi dariya, ta danne. Ni ma na danne.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ba zan samu zuwa ba wannan satin, Zakiyya ta tafi taro, ni kaɗai ce. Na aika wa Inna. Lissafin da anka ba ni in yi yana nan cikin jaka yadda anka ba ni shi.

Asabar, 21 ga Satumba

Da na sani da ban je ba.

Na isa a jiƙe, sau biyu muna sauka muna tura babur cikin taɓo. Ban yi aikin gida ba, kuma fomulolin gudu sun cakuɗe mini, na kasa bambanta gudun farko da na ƙarshe, ga wani wai ƙarin gudu a kowace daƙiƙa. Ta maimaita, na ɓata. Ta sake, na sake ɓatawa. Ina ta hamma. Sai ta buga biro a kan littafi ta ce wannan fa ko 'yan aji ɗaya sun wuce shi, in ban shirya ba in faɗa mata ta daina ɓata bakinta.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce ni take gaya wa haka? Ni sa'arta ce? Na ce ta san daga inda na fito, ta san abin da na baro?

Ta ce, "Ban sani ba, Yaya. Ina zan sani? Ni ban ma san yadda aka magana da ke ba. Ba ki taɓa zama da ni haka ba sai da kinka buƙaci fiziks."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Da ma da tsawa ne da ya fi sauƙi. Ta tattara littattafanta ta fita. Inna ta ci gaba da jan carbinta. Ban kwana ba, na nemi babur na juyo Kebbe tun rana ba ta yi sanyi ba.

Talata, 24 ga Satumba

Ni na ce a ɗauke ta? Haka aka yi wa kowa. Ni ma a hannun Gwaggo na tashi, ban taɓa tsayawa gaban Inna na tuhume ta ba.

Amma dai.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ban je ba. Na gaya wa Malam na fasa jarrabawar. Ya ce in bari in huce tukuna. Na ce ba fushi nike ba, gajiya ce. Ya ce ya ji.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Mun tura wata yarinya Tambuwal, ɗa ya zo a gicciye. Da akwai ƙwararriya a nan wataƙila tun a awo an gano. Ni na raka ta, kanta a cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai ta damƙe hannuna. Uwar ta tsira. Jaririn bai zo da rai ba.

Gidan Inna ba nisa da asibitin, amma ban biya ba. Na bi motar na dawo.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ina wanki da hantsi na ji babur ya tsaya ƙofar gida, sai ga Ummu da gudu wai ga Yaya Ruwaida. Na ɗauka wani abu ya sami Inna. Ta shigo da jakar goyo da wata leda cike da littattafai, ƙafafunta duk jar laka. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ta ce Inna ce ta turo ta, wai tunda hanya na wahalshe ni gara ita ta zo ta zauna har jarrabawa ta matso.

Ban da ranakun Sallah ba ta taɓa kwana gidan nan ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce Ummu ta kai mata ruwa. Malam da ya dawo daga gona ya gan ta, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya sa anka yanka zakara.

Maganar ranar nan ba wadda ta tayar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yanzu bayan sallar asuba muke yi, kafin in fita, sannan kaina bai cika ba. Ta canja salo. Ba ta ba ni fomula sai ta fara sa ni in faɗi abin da ke faruwa da bakina: mota ta tashi daga tsaye, tana ƙara gudu, ta yi tafiya kaza. Sai in na faɗa daidai sannan mu sa haruffa. Na ci uku cikin biyar.

Ta iya dama kunu irin na Inna, mai tsami sosai. Yaran sun ƙi nawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ta biyo ni asibiti, wai zaman gida ya ishe ta. Na ce wa Zakiyya ga yarinyar gidanmu. Zakiyya ta ce ai ba sai an faɗa ba, goshin ya nuna.

An kawo wani dattijo da gudawa ta tsotse, na ɗaura masa ruwa. Ƙarfen rataya ya karye tun bara, ƙusoshi muka buga a bango, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ruwan yana tafiya a hankali, sai na mayar da ledar ƙusar sama, ya saki. Tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Da munka fito ta tambaye ni don mi na ɗaga. Na ce don ya fi gudu mana. Ta ce to wannan shi ne babin da za mu shiga gobe: duk abin da anka ɗaga sama an ajiye masa kuzari, in an sake shi kuzarin ya koma motsi, iya tsawon ɗagawa iya abin da anka ajiye. Ba ya ɓata, sai dai ya sauya kama. Ta ce ko taɓarya haka take, mai daka ɗagawa take yi, saukowar rabi kyauta ce.

Ban jira goben ba, da yamma na yi lissafin babin guda shida, na ci biyar. Na ɓata ɗaya don na manta in mayar da giram kilo.

Anka kawo wani yaro da lauje ya yanke, ta ga jini, ta nemi benci ta zauna. Injiniya take son zama, gara haka.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na gaji. Amma na yi karatu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gwajin lilo. A jarrabawarmu ta 'yan waje a takarda ake yin firaktikal, amma ta ce sai na gani da idona. Ta ɗaure dutse da zare a ƙofar ɗakina, ta ba Mansur wayata yana duba lokaci, Ummu tana ƙirga kai da komowa da ƙarfi har maƙwabta suna leƙe. Dogon zare yana tafiya a hankali, gajere yana sauri, wannan na gane.

Sai ta cire dutsen ta ɗaura lemun tsami, zaren bai canja ba, ta ce in faɗi wanda zai fi sauri. Na ce dutse mana, ai ya fi nauyi. Ta ce in ban canka ba ni zan yi tuwon dare. Na ce in na ci ita za ta yi wankin Ummu. Anka gwada. Daidai suke, ko ƙiftawa babu tsakani. Na ce Mansur ya cuce ni, a sake. Anka sake, na karɓi wayar da kaina. Haka dai.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ita ma. Ummu ta cinye rabin lemun tana yamutsa fuska. Na yi tuwon, ta zo ta tuƙa mini rabi ba tare da na ce ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An kawo gyaɗa daga gona, muna tsinka ni da ita a inuwar ɗaki, yara sun tafi islamiyya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ni wa ya karɓi haihuwata?"

Hannuna ya tsaya. Ba wanda ya taɓa tambayata, ni ma ban taɓa ba kowa labari ba. Na ce wata tsohuwa ce a unguwarmu, ta rasu tuni. Na ɗauka ta bar maganar. Sai ta ce an sha wuya?

Na gaya mata. Yadda naƙuda ta ɗauki kwana da wuni, yadda ta fito ba ta yi kuka ba, jikinta ya yi shuɗi, tsohuwar tana jijjiga ta tana watsa mata ruwa, ni ina kwance ban iya ko ɗaga kai ba, ina jin mata a tsakar gida sun fara salati. Sai can ta yi wani ɗan tari kamar na kyanwa. Na ce tun ranar na ƙudura sai na koyi aikin nan yadda ya kamata. Na ce ranar da Inna ta zo ɗaukarta kuwa na shige bayan ɗaki don kada a ga fuskata, a ce ba ni da kunya.

Duk wannan ina faɗa ina kallon gyaɗa. Ita ma gyaɗa take kallo. Da na gama ta ce, "Allah sarki." Can kuma ta ce gobe za mu yi doka ta uku, in ka tura abu shi ma yana tura ka daidai yadda ka tura shi.

Munka gama tsinkar buhun.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ta koma Tambuwal, Inna ba ta jin daɗin ƙafarta. Ta bar mini tambayoyin shekarun baya ta ce in yi ɗaya kullum. Gidan ya yi wani iri. Ummu ta ƙi cin abinci.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ɗaya kullum ina! Ranar da na samu na yi, ranar da ban samu ba na kwanta da takalmi. Babin wutar lantarki da na haske ko rabi ba mu kai ba. Motsi da ƙarfi da kuzari kam na ji su a jikina, amma jarrabawa ba su kaɗai ba ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ina Tambuwal, gobe ne. Ta tafi kasuwa sayo mini rula da fensir, na zauna ina matsa wa Inna ƙafa. Na ce mata na gode da ta turo yarinyar nan Kebbe, da ba don haka ba da na ajiye karatun.

Inna ta ce, "Ni? Ni ban tura kowa ba. Tashi na yi na iske ta haɗa kaya. Cewa ta yi ke kinka kira ta."

Na ci gaba da matsa ƙafa. Da ta dawo na karɓi rular na ce ta yi kyau.

Talata, 26 ga Nuwamba

An yi. Ɗaki cike da yara sa'o'inta, wani har ya tashi ya ba ni kujera yana zaton mai sa ido ce. Tambayar mota da ke ƙara gudu ta fito, na yi ta tsaf. Ta ɗaga kaya sama ta fito, na tuna na mayar da giram kilo. Ta madubi da ta lantarki na yi ta kallonsu suna kallona. Lokaci ya ƙare ina tsakiyar zanen jadawali.

Da na fito tana tsaye bakin ƙofar makarantar cikin rana, da ruwa a leda. Ta tambaye ni tambaya bayan tambaya, ina faɗin abin da na rubuta tana gyaɗa kai, wani wuri ta yi shiru. Ta ce za a gani. Mun taka har gida tare. Wata mata ta tsayar da mu ta ce Mu'minatu wannan ƙanwarki ce? Na ce a'a. Ban ƙara komai ba, matar ta gane.

Litinin, 9 ga Disamba

Aiki, gida, aiki. Da asuba ina farkawa in rasa abin yi kafin gari ya waye.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Ta samu jami'a a Sakkwato, injiniya kamar yadda take so. Yau sunka tafi, Malam da ƙanena Siddiƙ ne 'yan rakiya. Uwa ba ta raka ɗiyar fari, kuma ina da aiki. Na soya mata ƙuli-ƙuli da yaji na ba Malam, na ce ya ce daga gida.

Da ya dawo ya ce ta buɗe ledar tun a mota ta ce yajin Yaya ne.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sakamako ya fito. Zakiyya ta duba mini a wayarta, ta daɗe tana kallo kafin ta miƙo. Ban samu ba. Mataki ɗaya ya rage tsakanina da kiredit. Bara da bara waccan can ƙasa nike, bana na zo bakin ƙofa anka rufe.

Na koma na gama awon masu ciki, mata cike da benci ba ruwansu da fiziks. Zakiyya ta ce in tafi gida in huta, na ce hutun mi.

A hanya na yi ta jiran kukan da na yi bara ya zo. Bai zo ba. Abin da ke damuna kawai yadda zan gaya mata.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ban taɓa kiranta a waya ba, kullum ta bakin Inna ko Malam. Yau na kira. Ta ɗauka da sauri ta ce lafiya? Na gaya mata. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, ashe kuka take, wai laifinta ne da ta ɓata mana lokaci da fushi, da mun kai babin haske. Ni da na faɗi ni ke ba da haƙuri. Na ce ta share hawayenta kada ƙawayenta su gani.

Ta ce, "In munka samu dogon hutu Kebbe zan zo kai tsaye. Daga lantarki za mu fara. Wanga karon ba ki kuɓuce mini."

Na ce Malam ya ce an gama. Ta ce in bar ta da Baba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ban bar ta da shi ba, da kaina na gaya masa bayan ya ci abinci. Na ce zan sake zama. Ya tuna mini alkawarinmu, ya ce shi tausayina yake ji, dubi yadda na rame bara. Na ce mataki ɗaya ne ya rage, kuma asibiti na buƙata. Sai ya ce, "Don asibitin ne?"

Na ce to don mi.

Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a.

Har yanzu a gajiye nike, ga azumi ya matso, ga hanyar nan ba wanda ya taɓa ta. Ban san ko kaina zai ɗauki lantarki ba. Na dai aika a kira mai gyaran rufi ya duba ƙaramin ɗakin nan na kusa da nawa, kwanonsa ya ɗan ɗaga ta gefe guda. Malam ya ce damina ai da saura. Na ce na sani, gara a yi da wuri.